Salansa ta tsage, dillali ya ɓace: wa zai biya?

 Yau za mu taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wadda da wuya a sami tasha ko garaji daga Yamai zuwa Damagaram da ba a taɓa ɗaga murya a kanta ba. Maganar ita ce ta manyan motocin nan da muke kira kat-kat, da salansarsu da ke tsagewa bayan kuɗi sun shiga aljihun mai sayarwa, da kuma kalmar nan «garanti» da dillalai ke rabawa kyauta kamar goron suna.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wata Hajiya da muka sani, mai saida atamfa da turare a Maraɗi. Shekara da shekaru tana zubin adashi, ta haɗa da kuɗin shanu biyu da ta saida, ta sayi kat-kat ƴar Kwatano don ta riƙa kai kayanta kasuwannin ƙauye, ta kuma ɗauki abokan sana'arta su biya kuɗin mota. Ranar ciniki da hantsi ta je filin saida motoci, ta tarar da motar a kunne tana aiki sumul. Dillali ya buga hannu a kan kapo ya ce: «Hajiya, wagga mota garanti ce. In ta yi tari sau ɗaya, ki maido mini ita.» Aka sallama, aka ba da la'ada, kowa ya kama gabansa.

Ba a yi sati uku ba direba ya fara jin wata ƙara kowace safiya, tak-tak-tak, kamar ana buga ƙusa a kwano, in inji ya yi zafi kuma sai ta ɓace. Motar ta fara shan mai fiye da da. Matan da ke zama a baya suka fara kukan ciwon kai da jiri in an dawo daga cin kasuwa, ana cewa rana ce da gajiya. Da aka kai garaji, makaniki ya kwance kwanon da ke rufe gefen inji, sai ga tsaga a wuyan salansa, an shafe ta da wani danƙo mai kama da siminti, danƙon ya soye ya zube. Bakin tsagar ya yi baƙi ya yi tsatsa, kowa ya gani ya san ba ta jiya ba ce.

Hajiya ta koma wurin dillali. Ya ce shi ɗan tsakani ne, ta ga mai fili. Mai fili ya ce shi ma haka aka aiko masa da ita daga bakin teku, kuma ai hanyar ƙauye ce ta fasa ta, ko man ƴan ruwa-ruwa, ko direbanta ne ya afka cikin ruwa da zafin inji. Da ta ce to garantin fa, sai aka tambaye ta: ina takarda? Daga ƙarshe da kuɗinta ta yi gyara, motar ta kwana goma sha biyu a garaji, kasuwa biyu ta wuce ta.

Ra'ayinmu a fili yake. Tsagar da ke jikin mota tun kafin ciniki aibi ne, aibin da aka ɓoye kuwa nauyinsa na kan wanda ya sayar. Amma muddin garanti ya tsaya a baki, mai saye ne zai ci gaba da biya. Lokaci ya yi da za mu daina karɓar garantin da ba a rubuta ba.

Mene ne ke tsagewa, kuma don me?

Inji na ƙona mai ne a cikin silinda, huɗu ko shida ko takwas, kowace tana fitar da hayaƙinta ta wata kafa. Wuyan salansa, wanda makanikai ke kira kolakter, shi ne ƙarfen nan mai rassa da ke manne a jikin inji, yana tattara hayaƙin duka ya tura shi cikin bututu ɗaya. Daga nan hayaƙin ya ratsa tukunyar tacewa, wato katalizer, ya bi ta tulun da ke rage ƙara, ya fita ta bayan mota. A injin isansi zafin hayaƙin da ke bin wannan wuya yana iya wuce digiri 800 in mota na hawa tudu da kaya. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, to ku auna.

Ƙarfe in ya yi zafi yana miƙewa, in ya huce ya tsuke. Kullum haka, safe da yamma, shekara goma ko goma sha biyar, sai wata rana ya gaji ya dare. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan sanyi a kaskon tuya mai zafi ta san abin da ke biyo baya. Akwai kuma abubuwan da ke gaggauta shi: kusoshin da ke ɗaure shi su karye, robobin da inji ke zaune a kansu su mutu, maratayan bututu su tsinke nauyinsa ya koma kan wuyan, ga gargadar hanya tana jijjiga shi, ga tsallake kwari da damina inji na huci.

Ga inda wayon yake. In inji na sanyi tsagar a buɗe take, shi ya sa ake jin tak-tak da safe. Bayan ƴan mintoci ƙarfe ya miƙe, bakin tsagar ya matse, ƙara ta ɗauke. Mai sayarwar da ya san halin motarsa ba abin da zai yi sai ya kunna ta kafin mai saye ya iso. Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum.

Asarar kuma ba ta tsaya ga ƙara ba. A cikin bututun akwai wata ƴar na'ura da ke sansanar hayaƙi tana gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta zuba. In iskar waje ta shiga ta tsagar, na'urar ta ruɗe, kwamfuta ta ƙara mai. Ɗan kasuwa yana zuba jika bisa jika a tanki, riba na fita ta bututu, ragowar man da bai ƙone ba kuma yana cinye tukunyar tacewa.

Hayaƙin da ba a gani

Abin da ya fi damunmu shi ne rai. A cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba da masana ke kira monoksid na karbon, ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce wadda ake ja mana kunne a kanta lokacin ɗari, kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da gyangyaɗi. In ta yi yawa, suma da mutuwa. Masu juna biyu da jarirai su suka fi saurin jin jiki.

Wuyan salansa a gaba yake, kusa da inda mota ke jawo iskar da take hura wa fasinja. Hayaƙin da ya fita a nan bai kai ga tukunyar tacewa ba tukuna, gubarsa na nan da ƙarfinta. Ku dubi direban da ya taso daga Yamai zuwa Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 600, gilasai a rufe saboda ƙura, yana shaƙar wannan iska. In barci ya sace shi a bayan Dogon Dutsi, za a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya shafe tsagar da danƙo yana da tambayar da zai amsa.

Ko a ƙasashen da ake ƙera motocin wannan magana ta tayar da ƙura. A Amurka, a 2016, hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar, NHTSA, ta buɗe bincike kan kat-kat ƙirar Ford Explorer saboda ƙorafin warin hayaƙi a cikin mota, daga baya binciken ya haɗa waɗanda aka ƙera daga 2011 zuwa 2017. A Yulin 2017 birnin Ostin na jihar Teksas ya ajiye irin waɗannan motoci kimanin 400 na ƴan sandansa, bayan wasu jami'ai sun yi rashin lafiya. A wannan shekara hukumar ta ce ta ga tsaga a wuyan salansar wasu motocin ƴan sanda. Kamfanin ya tsaya a kan cewa motocinsa lafiya lau suke, amma ya yi tayin dubawa da toshe kafofi kyauta ga masu motoci sama da miliyan ɗaya. Sai a Janairun 2023 aka rufe binciken ba tare da an tilasta janye motocin ba. Hukumar ta ɗora yawancin matsalar a kan ramukan da aka huda a jikin mota don saka fitilu da kayan aikin ƴan sanda, da kuma gyaran bayan haɗari da ba a toshe da kyau ba.

Darasi biyu muka ɗauka a nan. Na farko, hayaƙi ta ƙaramar kafa yake shiga, mu kuwa motocinmu sun sha walda, robobin ƙofofinsu sun bushe. Na biyu, in ƙasar da ke da injiniyoyi da lauyoyi ta shafe sama da shekara shida tana neman mai laifi, ina ga Hajiyar da ba ta riƙe da komai sai maganar dillali?

Garantin can ba ya hawa jirgin ruwa

A can garanti abu ne rubutacce mai iyaka. Dokar Amurka ta tilasta wa kamfani ya ɗauki nauyin kayan da suka shafi hayaƙi na sabuwar mota har shekara 2 ko mil dubu 24, wato wajen kilomita dubu 38. Manyan kaya irin su tukunyar tacewa da kwamfutar inji kuwa har shekara 8 ko mil dubu 80, wato wajen kilomita dubu 128. Duk da haka ana rigima, domin a wasu kat-kat an haɗe wuyan salansa da tukunyar tacewa sun zama ƙarfe ɗaya. In ya tsage a shekara ta biyar, wakilin kamfani ya ce wuya ne ya tsage, lokacinsa ya wuce. Mai mota ya ce ai abu ɗaya ne da tukunya, yana cikin na shekara 8. Wani ya ci nasara, wani ya biya da aljihunsa. Amma ku lura, dukansu takarda suke buɗewa suna jayayya a kan abin da aka rubuta.

A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye shekara 2 a kan sabon kaya. Tsohuwar mota in daga hannun ɗan kasuwa aka saya, a ƙasashe irin su Beljiyam da Jamus ba a rage wa'adin ƙasa da shekara 1. Sai dai wannan kariya ta mutumin da ya saya don amfanin kansa ce. Motar da aka saida wa mai fitar da kaya waje, ciniki ne tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, galibi ana rubutawa ƙarara cewa ta fitarwa ce, ba garanti. Haka ma garantin kamfani na Amurka, galibi a can kawai yake aiki, kuma motar da ta yi babban haɗari ko ta nutse a ambaliya aka yi gwanjonta yawanci ta riga ta rasa shi.

Waɗanne motoci ne ke iso mana? Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, ta ce daga 2015 zuwa 2018 Turai da Japan da Amurka sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Masu binciken gwamnatin Holan kuma sun duba waɗanda ke barin tashoshinsu zuwa Afirka, suka tarar yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, da yawa ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki, wasu kuma an yanke musu tukunyar tacewa. Dalilin yankewar kuwa, a cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinom da faladiyom da rodiyom. Ko can a yanke, ko a bakin teku, ko a nan gida, sai a lanƙaya guntun bututu a yi walda. In ba a yi aikin da kyau ba, duk jijjigar hanya a wuyan salansa take ƙarewa. Ga kuma gishirin da suke zubawa a hanyoyinsu lokacin ƙanƙara, wanda ke cin ƙarfen ƙarƙashin mota tun kafin ta bar ƙasarsu.

Daga nan motar ta sauka Kwatano ta biyo Paraku da Malanbil da Gaya, tafiyar sama da kilomita 1000 kafin Yamai. Bayan rufe iyakar Gaya a Yulin 2023 kuma kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo. To motar da ta shekara goma sha takwas, ta wuce hannu biyar, wane kamfani ne ke tsaye a bayanta? Babu. In dillali ya ce «garanti», maganar kansa yake yi, don haka shi ya kamata a riƙe.

Waɗanda Allah ya hore wa suka sayi sabuwa dal a wurin wakilin kamfani a Yamai, su ma kada su saki jiki. Garantinsu rubutacce ne, yawanci shekara 3 ko kilomita dubu 100, wanda ya riga cika, amma yana da sharuɗɗa: a yi juyen baƙin mai a kan lokaci a garajin da suka yarda da shi, a buga hatimi a littafin mota, kada wani ya taɓa ta da walda. Alhajin Damagaram da ke nesa da Yamai da kusan kilomita 900, in ya kai wa mai waldar unguwa don sauri, ya ba kamfani hujjar zare hannunsa. A karanta sharuɗɗan tun ranar saye, a adana kowace faktir.

Abin da addini da doka suka ce

Mu ƴan kasuwa wannan hukunci ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san labarin da malamai ke ba mu na mai saida hatsin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya ji danshi, ya tsawata masa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukanmu, ya hana algus da ɓoye aibi a babin ciniki. A mazhabar Malikiyya wanda ya sayi abu ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa, kuma mai sayarwar da ya san aibi ya yi shiru ba ya kuɓuta don kawai ya ce «yadda kika gan ta haka na saida».

A kasuwa ma haka muke yi. Mai awo da ta sa tsakuwa a gindin tiya, ranar da aka gane ta kasuwarta ta mutu. A kara, in aka saida sa aka gano na sata ne, dillali ake fara kamawa, domin la'adar da ya ci ta tsayawa ce. Me ya sa dillalin akuya zai tsaya wa cinikinsa, dillalin motar miliyoyi kuwa ya ce shi ɗan kallo ne?

Dokar ƙasa ita ma ba ta yi shiru ba. Dokar zaman jama'a da muka gada daga Faransa, a aya ta 1641, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana a mori abin da aka saya. In kuwa cinikin tsakanin ƴan kasuwa ne don sana'a, akwai dokar OHADA, wadda Nijar ke cikinta, da aka sabunta a 2010. Aya ta 258 ta ce aibin da ake gani ranar karɓar kaya sai a sanar da mai sayarwa cikin wata ɗaya, in ba haka ba haƙƙi ya faɗi. Aya ta 259 ta ba da shekara ɗaya a kan ɓoyayyen aibi, daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a ce an gano shi. A 2015 an kafa dokar kare haƙƙin masu saye, Yamai kuma tana da kotun kasuwanci. Amma alƙali da hujja yake aiki. Wanda ya je gabansa hannu rabbana, sai ya dawo da haƙuri.

Mu ji ta bakin masu sayarwa

Adalci ya sa mu faɗi nasu uzurin. Za su ce su ma a rufe suke saye, wani lokaci hoto kawai suke gani a waya su tura kuɗi. Za su ce ga kuɗin jirgi, ga na duwan, ga na hanya, ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Za su ce mai saye na son araha, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Za su ƙara da cewa akwai masu ɗora wa kat-kat buhun albasa har rufi, su bi da ita ta cikin kwari, in ta fashe su dawo suna neman garanti.

Duk wannan akwai gaskiya a ciki, kuma ba mu ce mai sayarwa ya ɗauki nauyin tsohuwar mota har abada ba. Amma makaniki na iya bambance sabuwar tsaga mai farin baki da tsohuwa mai tsatsa da baƙin hayaƙi, danƙo kuma ba ya shafa kansa. Rariya da ramukanta a fili ake saida ta. Wanda ya toshe ramukan da sabulu ya ce ƙwarya ce, shi muke magana a kai. Takardar da muke nema ma kariya ce ga mai sayarwa na kirki, domin ita za ta faɗi ranar da nauyinsa ya ƙare da irin ɓarnar da ba ruwansa da ita.

Abin da muke kira a yi

Ga mai saye, kada a yi cinikin biri a sama. A je ganin mota da sassafe, a buɗe kapo a tabbata inji na da sanyi kafin a tada shi. In an tarar da shi da ɗumi, a ce sai gobe. A tafi da makanikin da mai saye ya zaɓa kuma shi zai biya shi, ban da wanda ke cin abinci a filin. A saurari ƙarar minti biyun farko. A duba gefen inji ko akwai baƙin hayaƙi, ko tabon walda, ko danƙo, ko kusar da ta karye. A hau da motar kan rami a ga tukunyar tacewa na nan ko an yanke. In an murɗa makulli, fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, a yi tambaya, wataƙila an kashe ta ne don kada ta tona asiri.

Sannan a rubuta. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa ko da ajami ko da Faransanci: sunan mai sayarwa da na dillali da na mai saye, lambar shasi mai harufa da lambobi 17, kilomitan da ke kan allo, kuɗin da aka biya, kayan da garanti ya rufe ɗaya bayan ɗaya, kwana nawa ne, wa zai sayi kayan gyara, wa zai biya aikin hannu. Shaidu biyu su sa hannu, a kai ma'aikatar magajin gari a buga hatimi. In an aminta, a ajiye wani kaso na kuɗin a hannun wani dattijon kasuwa har wata ɗaya. Wanda ya ce garanti da bakinsa ya ƙi sa hannu, ya riga ya gaya muku gaskiyar motarsa.

Ga masu filaye da dillalai, muna roƙon sandikarsu ta buga takarda iri ɗaya da kowa zai yi aiki da ita, mai ba da garantin aƙalla wata ɗaya a kan inji da giya da wuyan salansa. Wanda ya san aibi ya faɗa ya rage kuɗi. Akwai mai sayen da zai ɗauka a haka ya gyara. Majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa da shugabannin kasuwanni su kafa ɗan kwamitin sulhu a kowane babban gari, da dattijon makaniki a ciki, don a raba gardama cikin sati ɗaya kafin ta kai kotu.

Ga masu walda, ku ji tsoron Allah a aikinku. Wuyan salansa na narkakken ƙarfe ba ya karɓar waldar gaggawa: sai an ciro shi, an gasa shi, an yi da sandar walda mai nikel, an binne shi a yashi ko toka ya huce a hankali. In kun san ba zai riƙe ba, ku gaya wa mai mota ya nemi wani. Wanda kuma aka kawo wa mota aka ce ya shafe don za a kai kasuwa, ya sani yana da kaso a cikin alhakin.

Ga hukuma, masu duba lafiyar motoci su sa yoyon hayaƙi cikin abin da ke hana ba da takarda, kamar yadda suke yi wa birki da fitila.

Ga iyayenmu mata masu bin motocin kasuwa, ku kuka fi zama a baya, ku kuka fi goyo. In kun ji warin hayaƙi a cikin mota, ku yi magana, a buɗe gilasai. In mutum biyu ko uku suka fara ciwon kai tare, a tsaya kowa ya fita ya sha iska, wanda ya galabaita a kai shi likita. Ku ƙi yarda da a cika kaya har ƙofar baya ta kasa rufuwa a ɗaure ta da igiya, domin mota na tafiya tana jawo hayaƙin bayanta zuwa ciki ta wannan kafa. Kuɗin motar da kuka biya na kai ku kasuwa ne ku dawo gida lafiya.

Hajiyar da muka ba ku labarinta ta gyara motarta, tana nan tana cin kasuwanninta. Kwanan baya ƙanenta ya je sayen tasa, ta bi shi da makaniki da takarda da biro tun da duku-duku. Mai fili na farko ya ce shi ba ya ciniki da rashin yarda, suka wuce. Na biyu ya karanta, ya ce wata uku ya yi masa yawa, aka daidaita a kan kwana arba'in, ya sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da dukanmu muka riƙa zuwa da takarda, mai ƙin sa hannu shi zai kwana da motarsa.

Allah shi ba mu kasuwa mai albarka, shi tsare mu da cin haram, shi kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.